Ranar da Mai Tsani Ya Fito da Baro

A unguwar da ke bayan kasuwar kifi, idan an yi ruwa da iska, mutane ba sa leƙa sama don su san ko hadari ya wuce. Kunne suke kasawa. Da zarar sun ji tsani yana karo da bangon lungu, ƙwas, ƙwas, sai uwa ta ce wa 'ya'yanta, to ku fita, an gama, ga Mai Tsani can ya fito.

Kafinta ne, mai aikin rufi. Ba a bakin teku aka haife shi ba. Daga can cikin ƙasa ya zo yana saurayi, da guduma da zarto a cikin buhu, da kuma abu ɗaya da maigidansa na sana'a ya cusa masa a ka tun yana riƙe masa katako: kafin ka buga ƙusar farko, ka tambayi mutanen wurin ta ina iska take zuwa musu. Wannan gefen shi ake kira fuskar iska. Nan ake ninka ƙusa, nan ake ɗaure katako da langalangar ƙarfe a jikin bango. Gefen baya kuwa aikin yau da kullum ya ishe shi, don baya ba ya ganin iska.

Da ya iso garin ya tambaya, aka nuna masa wajen teku. Haka ya yi ta rufi shekara da shekaru, gefen teku ninki biyu, gefen tudu yadda aka saba, kuma ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Yana da wata ɗabi'a kuma wadda ba wanda ya koya masa. Iska na kwantawa, tun ruwa bai gama tsiyaya daga indararo ba, zai saɓa tsani ya bi gidajen da ya rufa ɗaya bayan ɗaya. Cewa yake kwanon da ya ɗaga baki yau, idan aka bar shi, iskar gobe da shi za ta tafi. Rufin da ya yi kuwa nasa ne har ya mutu, ko a kan gidan wa yake. Daga nan sunan ya bi shi, har aka manta da na yanka.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, har 'ya'yan cikinta ma, ita ce ke riƙe masa ƙafar tsani a shekarun farko, lokacin da ba shi da wanda zai riƙe. Daga baya ta koma tsayuwa a bakin ƙofa har ya dawo. Ita ke cire masa sartse da allura, ita ke ɗaure masa yatsa idan guduma ta kuskure. Mace ce marar yawan magana. Idan abu bai yi mata ba, sai dai ka ga ta sauya wa kayan ɗaki wuri.

Yara suka girma suka watse, sai ƙaramar, Auta, wadda ta yi karatu ta samu aiki a ofishin hasashen yanayi da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Uban yana alfahari da ita, amma ba ya nunawa sai ta hanyar tsokana. Malamar gajimare yake kiranta.

Wata safiya, a ƙarshen lokacin zafi, ta shigo gidan da sauri da jakarta a kafaɗa. Ta same shi a tsakar gida yana wasa bakin zarto, Gwaggo kuma tana wanke kwanuka a gefe.

"Baba, ka ji rediyo?"

"Na ji. Sun ce guguwa. Kullum ai sai sun ce wani abu, in ba haka ba me za su karanta?"

"Wannan ba irin hadarin da ka sani ba ne."

"Hadari hadari ne, Malamar gajimare. Ya zo, ya yi faɗansa, ya kama gabansa."

"Wannan sau biyu yake zuwa."

"Hularsa yake mantawa ya dawo ɗauka?"

Ba ta yi dariya ba. Ta jawo bokitin ruwan da ke kusa da shi, ta ɗebi garin katako a ƙasa ta barbaɗa a kai, ta sa wani guntun katako ta kama juya ruwan da ƙarfi. Garin ya bi ruwa yana zagaye, tsakiya ta lotsa ta zama rami.

"A kan teku take farawa," in ji ta, "inda ruwa ya yi ɗumi sosai. Tururi ya tashi sama, iska ta rugo daga ko'ina don ta cike gurbin, sai ta kama juyawa kamar haka. Faɗinta sai ka wuni kana tafiya a mota ba ka fita daga ƙarƙashinta ba. Dubi garin katakon da ke wajenka, ina ya nufa?"

"Dama."

"Na wajena fa?"

Ya leƙa. "Hagu."

"To ka gani. Duk abin nan tafiya yake yi gaba ɗayansa, yana juyawa yana matsowa. Gefe ɗaya zai fara taka mu. Sai ramin ya iso, mu a ofis ido muke ce masa. A cikinsa ba iska, ba ruwa, har rana kana iya gani. Sai ɗaya gefen ya iso, iska ta dawo ta inda ba ta zo da fari ba. Kuma dubi inda ruwan ya fi gudu."

Ya duba. A bakin ramin ne.

"Kin ɓata mini ruwa da garin katako," ya ce, ya koma kan zartonsa.

Gwaggo ba ta ɗago kai daga wanke-wankenta ba. Sai da Auta ta saɓa jaka ta ce mata, "Shirun nan na tsakiya, yaya tsawonsa?"

"Ba wanda zai gaya miki, Gwaggo. Wataƙila ki dafa shayi har ki sha. Wataƙila ruwan ma bai tafasa ba. Kuma yadda muke gani, ta kanmu idon zai bi, ko kusa da mu. Ni a ofis zan zauna sai ta wuce." Ta dubi bayan ubanta, ta dubi uwarta. Sannan ta fita.

Aka kwashe mutanen bakin ruwa zuwa makarantar da ke kan tudu. Unguwar su Mai Tsani tana da ɗan tsayi, gidajen kuma na bulo ne, don haka yawanci suka zauna. Mai Tsani ya wuni yana zagaye, yana ƙara ƙusa a fuskar iska, yana toshe tagogi da katako. Da ya biyo ta gidan Tela, wanda ke tsallaken layi, ya tsaya.

Tela tsohon abokinsa ne, tun zuwansa garin suke tare. Matarsa ta rasu, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa sai da sanda, yana zaune shi kaɗai da keken ɗinkinsa.

"Gwaggo ta ce ka dawo wajenmu sai abin nan ya wuce."

"Rufin wa ke kaina?" in ji Tela, bai ko tsayar da keken ba.

"Nawa."

"To ko dai ka san wani abu game da shi da ba ka gaya mini ba?"

Mai Tsani ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce rufin nan ko giwa ta hau ba zai motsa ba. Tela ya ce to madalla, a gaida Gwaggo.

Da ya koma gida, ya tarar Gwaggo ta mirgino duro biyu cikin ɗakin tsakiya. Ta ce ya shigo mata da tsani. Ruwa na iya biyowa ta ƙarƙashin ƙofa, tana so ta ɗaga kaya daga ƙasa. Ya shigo da shi, suka gitta shi a kan duron. Ta ɗora buhunan abinci, ta ɗora akwatuna, da kwandon kwanuka, da bargunan yara na da, sannan katifa a saman duka. Ta kwance igiyar shanya ta bi ta ɗaɗɗaure, ƙulli a kan ƙulli.

"Tsanin da ya ciyar da gidan nan shekara da shekaru," in ji shi, "yau ya zama kanta."

"Ai ya huta shi ma," ta ce.

Washegari gari ya waye ba rana. Iska ta fara da bugu-bugu, ta zo ta tsaya, ta zo ta tsaya, sannan ta daina tsayawa. Wuta ta ɗauke, waya ta mutu. Kafin hantsi ya yi nisa ba ka jin muryar wanda ke kusa da kai. Ruwa ba daga sama yake zuwa ba, a kwance yake tafiya, yana neman kowace kafa a jikin taga. Mai Tsani ya zauna ya jingina da bangon gefen teku, ya kafa tafin hannunsa a kai. Yana jin katakon rufi yana nishi, yana ja, langalanga tana riƙewa. Duk lokacin da wani abu ya faɗi a waje sai ya ce a ransa, wannan ba nawa ba ne.

Can bayan azahar ƙarar ta fara raguwa. Ba a hankali ba ma, kamar an rufe ƙofa a kanta. Kunnensa ya toshe, ya haɗiye yawu ya buɗe. Wani haske ya shigo ta tsagar taga. Yana jin ɗigar ruwa daga indararo, ɗis, ɗis, kamar kowace rana bayan hadari.

Jikinsa ya riga tunaninsa tashi. Ya zare sakata ya leƙa.

Layin ya cika da rassa da tarkace. Iska ko ganye ba ta kaɗawa, ga wani ɗumi mai nauyi. Tsuntsayen teku, irin waɗanda bai taɓa gani a unguwar ba, sun sauka a kan katanga sun yi jugum, fikafikansu a sake. Ƙofofi biyu uku sun buɗe, kawuna sun leƙo. A tsallake kuwa, reshen bishiya ya faɗa wa kusurwar rufin Tela, ya ɓalle kwano ya naɗe shi sama kamar murfin gwangwani. Ruwa duk ya shiga ɗakin.

'Yan ƙusoshi ne kawai. Ya san inda zai kafa tsanin, ya san inda zai taka. Ya juya ciki yana laluben guduma.

Gwaggo tana zaune a saman katifa, a kan tsanin, ƙafafunta na lilo. Yadda ta hau da wannan gwiwar tata, har yau bai sani ba.

"Sauko, Gwaggo."

"Ƙafata ba ta son ruwan sanyi."

"Rufin Tela ya buɗe."

"Na ji lokacin da ya buɗe."

"Yanzu zan hau in sauko. Kafin ki gyara ɗankwali na gama."

"Fita ka dubi sama tukuna. Ka zo ka gaya mini abin da ka gani."

Ya fita don ya rabu da maganar. Ya ɗaga kai. A samansa tsaf, ga sarari, shuɗi mai haske. Ya sauke ido kaɗan, sai ya ga bangon gajimare, baƙi daga ƙasa fari daga sama, ya tashi kamar ba shi da ƙarshe. Ya juya dama, yana nan. Ya juya baya, yana nan. Ya zagaye garin duka. Mai Tsani ya tsaya a tsakiyar layi da guduma a hannu, ya ga ashe a gindin bokitin Auta yake tsaye.

Duk da haka da ya koma ciki hannunsa ya kai kan igiyar. Ƙullin ya sha ruwa ya kumbura.

"In na yi sauri..."

"Malam," in ji Gwaggo. Ba kasafai take kiransa haka ba. "Tun ba mu da ko tabarmar kirki nake riƙe maka ƙafar tsanin nan. Na taɓa ce maka kada ka hau?"

Ya ci gaba da jan ƙullin.

"Kuma duk layin nan ƙararsa suke jira. Ka fita da shi, har masu goyo sai sun fito." Ta gyara zama. "Baro yana bayan ƙofa. Shi ban ɗora masa komai ba."

Ya dube ta. Ya ajiye gudumar a kan duro.

Waɗanda suka leƙo suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Mai Tsani a waje bayan hadari, yana tura baro da gudu, ba tsani a kafaɗarsa. Mai shagon kusurwa, wanda har ya fara jan reshe daga bakin ƙofarsa, ya ce, "Baba, ina tsanin?"

"Ba a gama ba! Ku koma ciki, tana dawowa ta baya!"

Da wani ne ya faɗa, da an tsaya gardama, ga rana kowa na gani. Amma mutumin da bai taɓa barin kwano ya kwana a ɗage ba ya wuce rufi buɗaɗɗe bai ko kalle shi ba. Ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Ya sami Tela a zaune a kan teburin yanka, ya buɗe lema a kan keken ɗinki, shi kuwa ya jiƙe sharkaf.

"A'a, ga gwanin rufi! Ka zo duba giwar da ta hau?"

"Shiga baro."

"Ni buhun siminti ne?"

"Siminti ai ana gini da shi. Shiga."

"Ba inda za ni in bar keken nan. Ya girmi Autarka."

Ba lokacin musu. Mai Tsani ya ciro kan keken daga teburinsa, ya cicciɓi Tela ya zaunar a baro, ya ɗora masa ƙarfen a cinya. Suka fito, Tela na rungume da keke da hannu ɗaya, lema a ɗayan, yana faɗin a bi da shi a hankali, shi ba kayan kasuwa ba ne.

Suna tsakiyar layi hasken ya dushe. Tsuntsayen nan suka tashi gaba ɗaya. Daga wajen tudu wata ƙara ta taso, kamar manyan motoci sun jeru suna gangarowa. Sai Mai Tsani ya ji sanyin iska a ƙeyarsa. Tun da ya zo garin nan, iskar hadari a fuska take samunsa idan ya dubi teku. Yau ga ta a ƙeya.

Lema ta fita daga hannun Tela, ba su ga inda ta bi ba. Mai Tsani ya ƙara gudu. Gwaggo na riƙe da ƙofa, suka shige da baron duka, ita da mijinta suka danna ƙofar da kafaɗa kafin sakata ta shiga.

Abin da ya biyo baya ya fi na farko. Bango na gefen tudu, wanda Mai Tsani bai taɓa kafa hannu a kansa ya saurara ba, shi ne ya kama rawa. Ya ji ƙusoshin ɗakin baya suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowace da kukanta, ya san kowace, shi ya buga su. Sannan kwanon ya tafi, silin ya fara zubowa. Gwaggo ta ja hannun Tela, suka rarrafa su uku suka shige ƙarƙashin tsanin, tsakanin duro biyu, buhuna da katifa a samansu. Guntayen katako suna faɗowa a kan katifar suna dirowa gefe. Nan suka zauna, gwiwa na gugar gwiwa, kowa yana addu'ar da ta zo bakinsa, har ƙarar ta fara gajiya wajen la'asar sakaliya.

Da gari ya waye, gidan Tela bango huɗu ne kawai. An sami rufin a filin da ke bayan kasuwar kifi, a kife, kusan a haɗe yadda yake. Mai Tsani ya je ya tsaya a kansa. Gefen teku yana nan daram, ƙusa biyu-biyu, langalanga har da guntayen bulon da ta fizgo. Ta baya iska ta shiga ta ɗaga shi gaba ɗaya. Ya nemo kusurwar da reshe ya ɓalle, inda zai durƙusa da gudumarsa. Ya daɗe yana kallon wurin. Wani mai wucewa ya ji yana cewa Alhamdu lillahi, ya yi mamakin mutumin da ke godiya a kan aikinsa da ya lalace.

A layinsu ba a rasa rai ba.

Auta ta iso da rana, idanunta sun yi ja don rashin barci, takalmanta a hannu saboda taɓo. Ta ga ɗakin baya a buɗe, ta ga Tela a kan tabarma yana shafa wa kekensa mai, ta ga uwarta, sannan ta ga ubanta da ƙafafunsa biyu. Ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska.

Uban ya miƙe. Ya ɗauko bokiti ya cika da ruwa, ya ɗebo garin katako, duk da ya jiƙe, ya ajiye a gabanta tare da guntun katako.

"Malama," ya ce, "sake juya mini. Ranar nan hankalina na kan zarto."

Tun daga lokacin, duk rufin da ya yi fuska huɗu gare shi. Masu gida suna ƙorafin ƙusa ta yi yawa, ya ce su yi haƙuri, ya ga iskar da ke zagayowa. Rufin Tela shi ya fara yi, kafin nasa. Tela ya zauna a ƙasa yana ba da umarni, yana cewa wannan karon a yi wanda zai ɗauki giwa biyu. Kuma idan an yi babban hadari, ba ya saɓa tsani sai Auta ta bugo ko rediyo ya ce hadarin ya wuce. Unguwa ta saba da jiran. Ƙwas ƙwas ɗin yana makara, amma idan ya zo, ya zo ke nan.

Yanzu ya tsufa, wasu ke hawa yana nuni daga ƙasa. Bayan guguwar ya ƙera wa Gwaggo kanta ta gaske, mai hawa uku, ya kafa ta a bango sama da inda ruwa zai taɓa kaiwa. Ranar da ya gama, yana share garin katako, ya ce mata kamar da wasa, "Wai ruwan nan da kika ce zai shigo ɗaki, ko idon sawu bai kai ba."

Gwaggo ta shafa katakon, ta gwada ƙarfinsa da hannu.

"Ka iya kanta," ta ce. "Miƙo mini kwanukan can."